Dogon Aksil a Motar Malam Sambo

Ran nan ina zaune a kan bencina na bakin gareji, na ji ɗaya daga cikinku, ku samarin da kuka gaji wurin nan, yana gaya wa wani mai mota cewa rage wa mota shan mai ba wani abu ba ne. Wai a sauke aksil, a canza haƙora, a mayar, kafin la'asar an gama. Har da kaɗa makulli a yatsa. Ban tanka ba, don ba na son in kunyata makanike a gaban mai kawo masa aiki. Amma tun ranar maganar take cina. Ni Haladu na haura shekara hamsin ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane a garin nan na Kazaure, kuma har na ajiye sifana ban taɓa buɗe aksil gabana bai faɗi ba. Bari in gaya muku dalili, ko da za ku ce tsoho ya fara surutunsa.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan ƙirga haƙora ne. Shekarar da aka samu 'yancin kai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Oga Bitrus, wani Kirista mutumin kudancin Zariya, wanda ya daɗe yana gyaran manyan motocin da ke jigilar gyaɗa. Garejinsa gindin tsamiyar nan ne da kuke rataye riguna a jikinta. Ya ajiye mini rabin duro da kananzir a ciki, ya jefa wani faifan ƙarfe mai haƙora kewaye da bakinsa, da wani ƙarami mai kama da kan taɓarya.

"Wanke su, ka ƙirga mini haƙoransu," in ji shi.

Na ƙirga na ce talatin da takwas. Ya ce in sake. Na sake na ce arba'in. Sai ya ciro alli daga bayan kunnensa ya miƙo mini.

"Sa wa na farko alama. In ba haka ba, sai ka wuni kana zagaye kamar jakin niƙa."

Talatin da tara ne a babban, takwas a ƙaramin. Daga nan ya kwantar da ni a ƙarƙashin mota ya nuna mini yadda abin yake. Inji na juya farfela, dogon bututun nan da ya bi ta cikin mota zuwa baya. Farfela na juya ƙaramin, ƙaramin na juya babban, babban na juya ƙafafun baya. In haƙoran babban suna da yawa a kan na ƙaramin, sai inji ya juya sau da yawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Wannan shi muke kira gajeren aksil: yana da ƙarfin jan kaya, amma yana sa mota shan mai. In haƙoran ba su kai haka ba, dogon aksil ke nan: mota na sheƙa gudu a kan kwalta inji na numfashi a hankali, mai na daɗewa a tanki, amma da ta shiga rairayi ko ta fuskanci hawa sai ƙarfinta ya ƙare. Oga ba ya ma buƙatar buɗewa. Sai ya sa alli a taya, ya sa a farfela, ya ce mu tura motar har taya ta zagaya sau ɗaya, shi kuwa yana kwance yana ƙirga juyin farfela.

Ku yanzu kuna da na'urorin awo a cikin akwati, kuna jin kun fi mu. Mu kayan aikinmu alli ne, da bular wanki da muke kwaɓawa da baƙin mai, da gwangwanin madara da muke yankawa mu yi washa siriri, da takardar cikin kwalin sigari. In ka ɗaura sababbin haƙora, sai ka shafa musu bula ka juya da hannu, ka duba inda shuɗin ya goge. In a tsakiyar haƙori ya goge, ka dace. In a baki ne, sai ka sake kwancewa ka ƙara washa ɗaya ko ka cire. Takardar sigarin kuwa tsakanin haƙora ake sa ta a juya: ta fito da shaida amma kada ta yage. Akwai ranar da na kwance aksil ɗaya sau bakwai, Oga na zaune yana shan rake, ko kallona ba ya yi. Da na ce na gama, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin aksil ɗin, ya kara ƙotar a kunne, ya ce yana jin kuka, in sake.

Abu biyu ya fi nanata mini. Na farko, kada in taɓa aksil sai na tambayi mai mota hanyar da yake bi da abin da yake ɗauka. Na biyu, duk haƙoran da na cire daga motar mutum in jiƙa su cikin mai a gwangwani, in rubuta sunansa a jiki, kada in sayar sai shekara ta zagayo. Da gwiwoyinsa suka gaza ya koma garinsu, ya bar mini sifanoninsa da tsamiya da waɗannan maganganu biyu.

Sai kuɗin mai suka zo. Aka shimfiɗa kwalta, motoci suka cika gari, malamin makaranta ma ya sayi tasa. A shekarun farko ba wanda ya damu da shan mai. Da fetur muke wanke hannu, mu watsar da sauran a ƙasa. In ka ce wa direba motarsa na shan mai, dariya zai yi ya ce ta sha, ai na ƙasarmu ne. Ba mu ankara ba sai ga shekarar da mai ya yi wuya. Ƙasar da ake haƙo shi, amma sai direba ya kwana biyu a layi a Kano. Ɗan abin da ya iso wajenmu kuma rabinsa ba ya tsayawa, ta Babura yake bi ya tsallaka iyaka a sayar da shi da sefa. Sauran yana hannun 'yan bumburutu a galan-galan, su ke yanka farashin da suka ga dama.

A lokacin ne na tuna da dogon aksil. Sabuwar kwalta da sababbin direbobi sun tara mana motocin shiga da suka yi haɗari, an jibge su a bayan gareji-gareji, kuma haƙoransu dogaye ne. Na samo na wata, talatin da bakwai da tara, na ɗaura wa wani mai kiya-kiya da ke bin Kano zuwa Daura. Bayan mako ya dawo yana washe baki. Kafin wata biyu suna ya tafi, a tasha ana cewa Haladu ya samo maganin shan mai. Motoci suka yi layi a gindin tsamiya. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Har hula na canza.

Motar da nake son ku ji labarinta akori-kura ce fara, ta Malam Sambo. Bafulatani ne daga wata ruga a yamma da Roni, dogo, ba shi da yawan magana. Babban farin nan da aka yi ya cinye masa garke. Abin da ya rage ya kora kasuwa kafin su ma su faɗi, ya haɗa kuɗin ya sayi motar nan, ya koyi tuƙi da girmansa. Saniya ɗaya tak ya bari, wata ja, jikar wadda aka ba shi ranar sunansa. Direbobi na tsokanarsa wai shi kaɗai ne ke shafa wa mota baya kafin ya tayar da ita, shi kuwa ba ya musu. Ya taɓa ce mini, "Malam Haladu, garkena ne gaba ɗaya a cikin ƙarfen nan." Iyalinsa da na yayansa da ya rasu duk a bakin motar suke ci. Kuma duk ran da ya kawo ta wurina, ko da kusa ɗaya zan ɗaure, sai ya zo da kwalbar man shanu na jar saniyar nan, ya ajiye a kan saiwar tsamiya.

Cikin bazara ya zo mini da maganar. Muka gaisa, ya tsuguna a gefe har na fito daga ƙarƙashin motar da nake yi.

"Malam Haladu, na ji an ce kana hana mota shan mai."

"Ana dai faɗa."

"To tawa ta fi ni ci. Abin da na samo a hanya, a bakinta yake ƙarewa."

Na tuna da Oga, na yi tambayar da aka koya mini. "Wace hanya kake bi?"

"Kano."

"Me kake ɗauka?"

"Mutane da 'yan ƙullin kayansu. Wani lokaci kaji."

Hanyar Kano kwalta ce shimfiɗe, ba hawa ba rairayi, mutane da kaji kuma ba nauyi ba ne. Na gamsu. Ga motoci huɗu suna jirana, ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Kwana biyu na yi a kanta, kuma aikin ya yi kyau, har yau ba na jin kunyarsa ta wannan wajen. Shuɗin bula ya goge a tsakiyar haƙori kamar an zana. Na kara sukudireba a kunne, shiru. Na jiƙa tsofaffin haƙoransa a gwangwani na rubuta Sambo da fenti. Na kuma gaya masa cewa allurar gudu za ta riƙa yi masa ƙarya, don daga giya take karatu, ba ta san an canza baya ba: in ta nuna arba'in, ya san ya kusa hamsin. Ya gyaɗa kai. Bayan kwana uku ya dawo ya ce man da a da ke ƙare masa a wajen Ɗambatta in yana dawowa, yanzu yana kawo shi har tasha da saura. Ranar kwalba biyu ya ajiye.

Damina ta zo ta wuce ban ji komai ba. Aka yanke gero, aka fara cirar gyaɗa. Wata safiya ina wucewa ta bakin tasha sai Inna Talatu ta kira ni. Mai ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, takan bi kasuwannin ƙauye ta sayo gyaɗarta, kuma ta san ni tun ina yawo ba wando, don haka ba ta tauna mini magana.

"Haladu, zo nan. Me ka yi wa motar Bafulatanin nan?"

"Lafiya, Inna?"

"Ina fa lafiya. Jiya daga Babura sau uku muka sauka muka tura ta cikin rairayi, ni da tsufana. Motar da a da ke ratsa inda jaki ke tsayawa. Ga wani wari da take yi kamar ana babbakar kai."

"Babura? Me ya kai shi Babura?"

"Ji wata tambaya. Kaka ce fa. Wa zai tsaya kai kaji Kano alhali hatsi na zube a ƙauye? Gobe ma Gwiwa za mu."

Warin na san shi, kuloci ne ke ƙonewa, don in mota ba ta da ƙarfin tashi da kaya, da kuloci direba ke lallaɓa ta. Amma ba shi ya fi tayar mini da hankali ba. Daga Gwiwa in za a biyo ta Roni a wancan lokacin, akwai wani gangare a tsakanin duwatsu, hanyar burji ce, a ƙarshenta kwana, bayan kwanar kuma wata 'yar siririyar kwalbati a kan ƙorama. Mota mai kaya inji ne ke riƙe ta a gangare, birki taimako kawai yake yi. Da dogon aksil riƙon inji ya ragu, nauyin duk ya koma kan birki, birki kuwa in ya yi zafi sai ya saki. Ni na cire wa motar nan abin da ke riƙe ta, da hannuna, har aka ba ni tukwici.

Na same shi a cikin tasha yana goge gilashi.

"Malam Sambo, ya motar?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

"Ba ta ba ka wahala a rairayi?"

"Rairayi ai kowa yana ba shi wahala."

Haka mutanen nan suke. Aikin da ya riga ya yi godiya a kansa ba zai dawo ya kushe shi a gaban mai shi ba, ko da zai kashe shi. Da ban ji daga bakin Inna ba, da har abada lafiya lau zan riƙa ji.

"Kawo ta in mayar maka da naka na da," na ce. "Suna nan cikin mai. Kwana biyu ne, kuma ba zan karɓi ko kwabo ba."

Ya ci gaba da goge gilashinsa. "Kwana biyu cikin kaka, Malam Haladu? Abin da za mu ci har wata shekara, a 'yan kwanakin nan ake samunsa. Kuma in ka mayar, wa zai ba ni man da za ta sha? Bari kaka ta wuce."

Na roƙe shi, na yi masa bayanin gangare da birki, na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya saurara har na gama, cikin ladabi, ya ce Allah zai tsare. Da na ga ba zan juya shi ba, na ce to gobe da ni za a je Gwiwa. Ya ce bismilla, gaba akwai wuri. Ranar na sallami motocin da ke layi na ce su dawo jibi.

Tafiya ba kaya lafiya lau muka je, har na fara ce wa kaina ko tsoro ne kawai ya yi mini yawa. A kasuwar Gwiwa aka fara lodi. Ina tsaye ina ƙirgawa, buhu goma sha biyar, gero da gyaɗa, bayan motar na sauka har ya kusa zama a kan taya. Sannan Inna Talatu da wasu mata uku da maza biyu suka haye sama. Na ja shi gefe na ce a rage buhu biyar. Ya ce ya riga ya yi wa masu su alkawari tun makon jiya. Bafulatani ya ce ya yi alkawari, magana ta ƙare.

Sau biyu muka sauka muka tura kafin Roni. Duk lokacin da zai tashi ina kallon ƙafarsa ta hagu, rabi a kan kuloci, inji na ihu, mota na rarrafe, warin na shigowa ta ƙarƙashin kujera. Ba na jin hirar da ake yi a sama, kunnena na wajen ƙarfe. Bayan azahar muka iso kan gangaren, na ce ya tsaya. Na fita na ce kowa ya sauka ya taka da ƙafa, mu haɗu a ƙasa. Mazan suka yi gunaguni. Inna Talatu ta ce kuɗin mota ta biya ba kuɗin tattaki ba, ta ƙare mini tas, har ta tuna mini ranar da na saci ƙuli-ƙulinta ina yaro. Amma ta sauka, sauran suka bi ta.

Na koma na zauna kusa da shi na ce ya sa giya ɗaya, kada ya canza ko inji zai fashe. Muka fara sauka. Da farko ta riƙe, inji na gurnani, duwatsu na wucewa a hankali. Mun kai wajen rabi sai na ji abin da nake tsoro ya zo ta inda ban zata ba. Kukan inji yana nan inda yake, bai ƙaru ba, amma mota na ƙara gudu. Kulocin da ya wuni yana ƙonewa ya saki, inji da ƙafafu sun rabu.

"Taka birki, ka saki, ka sake takawa. Kada ka danne shi gaba ɗaya."

Ya yi yadda na ce. Sau uku ta amsa, a na huɗu ƙafarsa ta fara nitsewa. Na ja birkin hannu da hannu biyu, ban ji ya kama komai ba. Allura na kan ashirin da biyar, ni kuwa na san ƙarya take yi, don ni na sa ta ƙaryar. Ina hango kwanar. Da wannan gudun da wannan nauyin ba za mu sha ta ba, a kan duwatsun da ke ƙarƙashin kwalbati za mu kife. Ko salati na kasa ƙarasawa.

"Akwai burtali kafin kwalbatin," in ji Malam Sambo, muryarsa kamar yana gaya mini farashin gero. "Na sha bi da shanu."

Ni ban ga komai ba sai ciyawa. Ya karya kan motar dama, muka faɗa wata 'yar hanya tsakanin gonaki wadda kofato ya daka shekara da shekaru, muka yi tsalle biyu, muka sauka cikin rairayin busasshiyar ƙoramar. Rairayin ya haɗiye ƙafafun har gindi. Gaban ya daki wani kututture, buhuna suka zubo ta saman kanmu, goshina ya haɗu da gilashi. Tabon da kuke gani a nan, na ranar ne.

Da muka fito, ruwan lagireto na tsiyaya cikin yashi, gero ya watsu ko'ina, hayaƙi na tashi daga ƙafafun baya. Malam Sambo bai duba jikinsa ba. Ya zagaya motar sau ɗaya a hankali, ya tsaya ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ya daɗe a haka. Na share jinin da ke shiga idona na matsa kusa.

"Malam Sambo, laifina ne."

"Ka tambaye ni, na ba ka amsa."

"Ka ce mini Kano."

"Kano nake zuwa a lokacin." Ya juyo ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. "Malam Haladu, ai a ƙasar nan aka haife ka. Ka taɓa ganin Bafulatani da hanya ɗaya a shekara? Inda muke da rani ba nan muke da damina ba. Na zaci ka sani, shi ya sa ban faɗa ba."

Na sani mana. Tun ina yaro nake ganin su suna tashi suna dawowa, kuma na san duk direban akori-kura a ƙasar nan da kaka ƙauye yake komawa. Tambayar Oga na yi ta kamar karatun hadda, na ɗauki amsar wata ɗaya na ɗaura wa mutum a motarsa ta shekara. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Washegari wata babbar mota ta jawo mana ita zuwa gindin tsamiya. Abin da hannu zai iya na yi shi: na like lagireto da dalma, na kai karyayyen sifirin, ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, wurin maƙeri, na ciro haƙoransa daga gwangwani na wanke na mayar, bula da washa da komai. Amma kuloci sai sabo, haka kayan birki, da wani ƙarfen sitiyari da ya lanƙwashe. A shekarar kayan mota sun yi wuya kamar man. Sau biyu na je Kano na dawo hannu wofi, inda na samu ma farashin ya fi ƙarfina ko da zan sayar da kekena. Kullum da safe Malam Sambo zai zo ya tsuguna kusa da motarsa, motocin wasu na wucewa ta gabanmu maƙare da buhuna, yana bin su da ido. Ba ya ce mini yaushe, ni kuma ba na iya haɗa ido da shi. Kaka na ƙarewa a gabanmu kwana ɗaya bayan ɗaya, kuma na san in ta ƙare motar na nan a kan duwatsun jak, gidaje biyu ne za su shiga rani ba hatsi.

Ran kwana na goma sha ɗaya ya iso da kwalaye a cikin buhu. Kuloci sabo fil, kayan birki, da ƙarfen sitiyari, duk a cikin takardarsu. Ban tambaye shi inda ya samo ba. Na ce wa kaina wani ɗan'uwa ne ya taimaka, amma gaskiya tsoron amsar nake yi. Cikin yini ɗaya da rabi na ɗaura komai. Ya tayar da ita, ya zagaya gari, ya hau bayan dutse ya sauko, ya dawo ya ce ta koma yadda ya san ta. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro goro biyar a naɗe cikin ganye, ya sunkuya ya ajiye a kan saiwar tsamiya, daidai inda kwalba ke zama. Na dubi wurin, shi kuma ya dubi wani waje. Ya yi mini sallama ya ja motarsa.

Inna Talatu ce ta ƙarasa mini, ban ma tambaye ta ba.

"Na ga saniyarsa a kasuwar Babura," ta ce, tana juya ƙuli-ƙuli a cikin mai. "Ja ce, ga ciki ya tsufa. Shi da kansa ya ja ta da ƙafa tun daga ruga. Bai bar dillali ya taɓa igiyar ba sai da aka gama ciniki."

Ya samu ƙarshen kakar, iyalinsa ba su kwana da yunwa ba. Motar ta ƙara shekara tara a hannunsa. Kuma dabarar da muka koma yi, shi ya kawo ta: da an fara yankan gero sai ya kawo ta in ɗaura gajere, da hatsi ya ƙare a ƙauye ya koma kwalta sai in mayar da dogo. Muka sa musu suna, na kaka da na rani, ɗaya na mota ɗaya na gwangwani. Ban sake karɓar kuɗin aikinsa ba, ya yi ta matsa mini har ya haƙura. Maganar saniya kuwa ba ta taɓa haɗa mu ba har Allah ya karɓi ransa.

To, samari, kusoshin aksil ba su da wuyar kwancewa, na yarda da ku, kafin la'asar ma kwa gama. Amma in kun ga na taso daga benci na tsare mai mota ina tambayarsa ina yake zuwa da kaka, ina da damina, wa ke aron motar ranar kasuwa, ku daina ƙifta wa juna ido, ku bar ni in gama. Sau goma sha takwas Malam Sambo ya kawo motar nan canjin haƙora bayan wancan gangaren. Sau goma sha takwas ya sunkuya a gindin tsamiyar nan ya ajiye mini goro, kuma ba ranar da ban fara leƙawa na ga ko kwalba ce ba.